Maharazu Sanda, Mutumin da Ya Sa Hajiya Ta Yi Ciniki da Dodo

Da hantsi, idan abra, ɗan jirgin ruwan fito, ta sauke fasinja a gaɓar Bur Dubai, za ka ga wani siririn mutum mai furfura a gemu ya fito rungume da akwatin kwali kamar wanda ya ɗauko jariri. Maharazu Sanda ke nan. Daga ɗakinsa na Deira ya fito, Karama ya nufa, inda ya shafe shekara da shekaru yana aiki a wani ɗan shagon kayan wasa da ke maƙale tsakanin tela da mai shayin karak. Shagon ba nasa ba ne. Amma tambayi duk Bahaushe mai yara a garin nan, "shagon Kawu Maharazu" zai ce maka.

Ga wanda bai san abin da ke cikin akwatin ba: ɗan littafin labari ne, da taswira, da ƙananan mutum-mutumi, da ƙwayoyi masu lamba irin na lido. Mutum ɗaya ke riƙe labarin. Sauran su kewaye tebur, kowa ya ɗauki gwarzo ɗaya ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙwaya ta nuna ko ya dace. Kamfanoni ne ke shirya komai. Ka saya, ka buɗe, ka fara wasa, shi ke nan, in ji masu talla.

Maharazu ya ce ina, ba shi ke nan ba! Duk sabon akwatin da ya shigo sai ya tafi da shi gida ya karance shi tas, ya shimfiɗa taswira, ya buga wasan shi kaɗai yana canza murya. Sannan ya yi masa tambaya ɗaya: "Idan 'yan wasa suka yi wa dodo sallama fa?"

Kada ka yi dariya, tambaya ce babba. Masu rubuta labaran nan sun ɗauka duk wanda ya ga dodo takobi zai zare. 'Ya'yanmu kuwa, kai! Sai su tsaya a bakin kogo su yi sallama, su tambayi dodo gajiya, su tambayi iyali. Akwatin banza a nan yake macewa, kwali sai ƙyalli, ciki ba komai sai faɗa bayan faɗa. Na kirki kuwa ya bayyana wane ne dodon, me ke damunsa, me yake so. Irin wannan kaɗai Maharazu ke ɗorawa a teburin da yake haɗa wa yaran Hausawa kowace Asabar da la'asar. Sauran kuwa, gaskiya yake gaya wa mai saye, ko da mai shago zai ɓata rai.

Kai ne, Maharazu, ka mayar da mashayar cikin labari teburin mai shayi, don yaranmu su shiga ba kunya. Kai ne mai murya goma, gwanin gurnani!

Saratu, wata nas da ke kawo 'ya'yanta wasan, ita ta ga abin da ya faru da Murjanatu shekarun baya. Yarinya ce mai i'ina. A makaranta ba ta ɗaga hannu, a gida daga "to" sai "a'a". Teburin nan kaɗai take buɗe baki, saboda dokar Maharazu: ba a ƙarasa wa kowa magana. Sai labari ya kai kunnen mahaifiyarta, Hajiya Ummi Kulsum, mai tura leshi da shadda Kano daga kasuwar yadi, wai ana jefa ƙwaya a shagon. Ranar Asabar sai ga ta fuu, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Malam Maharazu, caca kake koya wa 'yata? Khalas, magana ta ƙare! Murja, ɗauki jakarki, daga yau kin bar zuwa."

Murjanatu ta buɗe baki, kalmar ta maƙale, hawaye ya cika idonta. Wurin nan ɗaya take da shi, ga shi zai tafi.

Maharazu ya miƙe. "Barka da zuwa, Hajiya. Ba a sa ko sisi a teburin nan. Amma kada ki yarda da bakina, zauna shwaiya, ɗan lokaci kaɗan, ki gani. In kin ga caca, da hannuna zan rufe akwatin."

Ta ɗosana a bakin kujera, jaka a kafaɗa. Ya miƙa mata mutum-mutumi, ya ce ita ce shugabar ayari, ga dodo ya tare gada ɗaya tilo. "Me za ki yi, Hajiya?"

"Me zan yi? In gaishe shi mana! Salamu alaikum, mai gada, ina gajiya?"

Yara suka tuntsire da dariya. Maharazu ya amsa da gurnani, ya ce ba mai wucewa sai an bar masa raƙuman duka.

"Duka? Haba! Ko a Deira ba a taɓa yi mini wannan ba. Yi mini ragi, habibi!"

Hajiyar da ta zo kashe wasa, sai ga ta ta ajiye jaka ta jefa ƙwaya da hannunta. Lambar ta fito ƙarama, dodo ya fusata, ayari na shirin halaka. Amma akwatin na kirki ne. Ya riga ya tanadi dalilin dodon: ɗansa ne ya ɓace, shi ya sa ya tare hanya. Kuma tun farkon wasan, gwarzuwar Murjanatu ce kaɗai ta tsinci ƙararrawar ɗan dodon a bakin rafi.

Maharazu ya juya ga Murjanatu. "Dodo na sauraronki."

Ta fara, ta maƙale. Hajiya ta buɗe baki za ta ƙarasa mata kamar kullum, ya ɗaga hannu cikin ladabi. "Hajiya, a nan ba a ƙarasa wa mutum magana."

Murjanatu ta ja numfashi ta sake farawa. Da i'inarta, da tsayawarta, ta gaya wa dodo inda ta tsinci ƙararrawar ɗansa, ta rarrashe shi, ta yi alkawarin raka shi nema. Dodo ya buɗe gada! Shagon ya kaure da tafi har tela ya leƙo. Hajiya kuwa ba ta tafa ba. Bakin gyalenta ta kai ido.

"Murja," ta ce, "ashe haka kika iya magana? Ni ce ban taɓa jira ba."

Ta juya ga Maharazu. "Asabar mai zuwa, ka ajiye mini kujerata."

Ƙarshen watan nan Maharazu zai koma gida Haɗeja. Mun gode, Kawu. Allah ya saka maka da alheri, ya kai ka lafiya. Mu kuma da ka bari, mu yi koyi da kai: mu duba abin da muke miƙa wa 'ya'yanmu kafin mu miƙa, in sun fara magana kuma mu jira su.

Teburin ba zai mutu ba. Murjanatu, wadda yanzu take jami'a, ita ya miƙa wa littafin. Asabar da ta wuce ita ta yi gurnanin dodo, ta maƙale a tsakiya, tebur ya yi shiru yana jira. Wani sabon yaro ya buɗe baki zai taimaka mata, sai Hajiya ta dafa kafaɗarsa.

"Bar ta, ɗana. Za ta ƙarasa."