Farin Yadin Da Ban Sa A Jakata Ba

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi ko yau aka ce in dafa Alƙur'ani a kansa zan dafa. Shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki ne, karo na biyun nake nufi, lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, muna haya a Tudun Wada ni da maiɗakina Hajara.

Ana tsakiyar damina wani mai kawo gawayi daga ƙauyenmu ya zo ya ce mini Baffa na kwance ba lafiya, kuma Baffan ya ce lallai in je. Baffan nan ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, amma shekara bakwai rabona da shi, don ranar da zan taho birni na ce masa na gaji da yi masa bauta a gona. Tun daga nan kunya ta hana ni komawa. To ba abin da nake so kamar in riske shi da rai in nemi gafara, ga shi ruwa ya cinye gadar da motoci ke bi, sai dai a taka daga Gonin Gora, kwana biyu a hanya.

Na aro jakar goyo wajen maƙwabcina, sai kuma son a sani ya motsa, na ce ai dole 'yan ƙauyenmu su ga birni ya karɓe ni. Na danna atamfa turmi biyu, na sa rediyo, gwangwanayen madara, sandunan sabulu, kaftani har uku da takalmi sau-ciki, ni da zan bi taɓo! Hajara na zaune bakin gado tana kallona tun daga farko har na ja zif, ta ce, "Malam, dubiya za ka ko kasuwa za ka ci?" Na ce ta bar ni, me mata suka sani a tafiya.

Washegari da hantsi na sauka daga bas a Gonin Gora, ban yi taku ɗari ba madaurin jaka ya fara cin kafaɗata. Nan bakin hanyar da ta shiga daji akwai wata mata 'yar Filato mai gasa masara, kusa da ita kuma wani tsoho siriri na zaune a gindin mangwaro. Abin da na fara lura da shi, ba takalmi a ƙafarsa, amma ƙafar tas take, alhali ko'ina caɓi ne. Na yi masa sallama zan wuce, ya amsa, ya ce, "Yauwa, ita ce. Ɗan nan, sauke ta nan."

Na ce, "Baba, sauri nake yi."

Ya ce, "Saurin ne ya sa na ce ka sauke. Da wannan kaya sai ka kwana uku a hanya, shi kuwa wanda ka nufa ba shi da kwana ukun."

Kai! Ku yarda da ni, a lokacin ba tsoro na ji ba, son in ga ƙarshen abin ne ya kama ni, don ni mutum ne mai bin diddigi tun ina yaro. Na sauke na tsuguna. Ya riƙa zaro kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya ɗora a tafin hannu ya ɗan jijjiga kamar mai awon nama, ya tambaye ni, "Za ka ci wannan a hanya, ko za ka sha, ko zai kare ka daga ruwa?" In na ce a'a ya ajiye gefe. Haka rediyo ya tafi, atamfa ta tafi, har takalmin da nake ji da shi. Ya bar mini riga ɗaya, tocila, ashana da gorar ruwa, ya sa na sayo garin kwaki da ƙuli-ƙuli da babbar leda ta rufa in hadari ya taso. Ya nuna mini mai nauyi a jikin baya ake jingina shi, abin da za a nema da gaggawa kuma a sama. Gaskiya na ji haushi, amma na ga hikimar.

Sai ya ƙara zura hannu can ƙasan jakar da na ga ta zama wayam, ya zaro farin yadi a ninke, sabo fil.

Na ce, "Wannan ba nawa ba ne." Ya ce, "A jakarka yake." Na ce, "Baba, ko nawa ne, wa ke kai wa marar lafiya farin yadi? Ai sai a ce fata nake yi masa." Ya mayar da shi ciki ya ja zif, ya ce, "Shi kaɗai ne tsarabar. Sauran ka bar wa mai masara, ba abin da zai taɓa su."

Na goya na kama hanya, jaka sakayau kamar ba komai a bayana. Ruwa ya dake ni sau biyu ledar nan ta cece ni, na kwana a wata ruga, na sake kwana a masallacin wani ƙauye, rafin da ya kawo mini ƙirji ma jakar a ka na ɗora na haye, abin da da kayan farko ba zai yiwu ba. Duk inda na zauna hutawa sai na ciro yadin nan na juya shi, don sana'ata ce, ina neman tambarin masaƙa ko ɗan kuskuren zare, ban samu ba, kuma ban taɓa ganin irin saƙarsa ba.

Na isa gida bayan azahar, na tarar da Baffa an jingina shi da bango, ya rame ƙwarai amma hankalinsa garau. Na durƙusa na kama ƙafarsa, kuka ya ƙwace mini, na ce ya yafe mini. Ya dafa kaina ya ce, "Ai tun ranar na yafe, so nake ka ji da kunnenka." Can kuma ya ce, "Ka zo da saƙon?" Ban tambaye shi wane saƙo ba, na buɗe jaka na miƙa masa, ya shafa ya ce alhamdu lillahi. Kafin a kira magariba Allah Ya karɓi abinSa. Ashe tun da gadar ta karye babu ko ƙyallen fari a ƙauyen, da shi aka yi masa sutura.

Bayan addu'ar bakwai na dawo ta Gonin Gora, mai masara ta fito mini da kayana a buhu, ko sabulu bai ɓata ba. Na tambaye ta tsohon, ta ce, "Oga, ni ma ban san shi ba o. Kwana uku ya yi yana zama wurin nan kafin ka zo, duk mai jaka sai ya duba ya ce ba ita ba ce. Kana wucewa shi ma ya tashi." Kwana uku, jama'a, alhali ni saƙon Baffa ana gobe zan taho ya same ni. Hajara ta rantse ba ta sa komai ba, mai jakar ma ya ce a zazzage ya ba ni ita.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai yau, da liman ya yanka na Baffa, yadin ya yi saura. Ya auna da kamu, ya dube ni, ya ce saura daidai na mutum ɗaya, ya ninke ya ba ni ya ce ai ni na zo da shi. Yana nan ƙasan akwatina, shekarun nan duka bai canza launi ba, asu bai taɓa shi ba, kuma duk sanda na buɗe sai tsigar jikina ta tashi. Shawarata gare ku, in akwai wanda kuka ɓata wa rai, ku tashi ku je tun ƙafa na ɗaukar ku, kada ku tsaya haɗa tsaraba.