Akwatin da Surukina Ya Haɗa

Jiya na buɗe akwatin da ke kunna mana injin ruwa, sai warin tsohuwar dalma ya bugi hancina. Ni da ko a zaman makoki sai na ba mutane dariya, sai ga ni zaune ina shafa wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Surukina ne ya haɗa shi, mai gyaran rediyo a Gummi. Lokacin 'yarsa na da tsohon ciki, tana jan guga dubu a yini, ni ina kasuwar Anka ina zuba surutu. Bai yi mini faɗa ba. Ya zo ya haɗa injin da agogo mai batir, don ya riƙa tashi da kansa.

Na ce, "Baba, a ƙulla wayar agogon da ta injin mana, a huta."

Ya ce, "Ka gaji da ɗiyata ne?" Ya nuna wani baƙin abu mai ƙafa shida, kamar ƙwayar wake. "Cikin wanga akwai 'yar fitila da ido. Agogo shi haska, ido shi gani, babbar wuta ta tashi. Ba su taɓa juna, wuta ba ta kai ga mai saita agogo."

Kunya ta sa na ce ƙwaron nan ya fi ni hankali. Ya ce, "Da nisa."

Shekara huɗu ina shirin yi masa godiyar kirki, kullum wasa ke fitowa. Sai a bakin kabarinsa na faɗe ta.

Allah Ya kai masa ladan kowane bokiti, Ya sanyaya makwancinsa.