Gyaɗar Hantsi ta Malama Kulu

Ina ɗaura ɗankwali zan fita makaranta yau da safe ƙanwata ta kira daga Kasuwar Daji: Malama Kulu ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Shekarar da aka fara Shari'a aka raba mu aji da maza a firamarenmu, kuma ita kaɗai ce mace a cikin malamai. Iyayenmu suka ce muddin tana nan, mu ma muna nan. Ranar da ba ta zo ba, gida ake kora mu.

Tana da wata doka da babu irinta a kowane aji. Da hantsi ya yi sai ta ajiye alli ta ce, "Ɗiyana, a buɗe ƙunshi." Kowa ta fito da gyaɗarta ko ƙuli-ƙuli, wadda ba ta da shi Malama ta zuba mata a tafin hannu. Ita ma ta juya wajen allo ta ɗan jefa a baki. Mu dai daɗi kashe mu, maza na leƙe ta taga suna haɗiyar yawu.

Sai da na girma na san ciwon suga gare ta. In ta sha magani ba ta ci komai ba, jiri ke ɗibarta. Ga kunya, babba ba ya cin abu a gaban yara su zuba masa ido. Shi ne ta mai da maganinta dokar aji.

In an ce ta je asibitin Ƙaura a duba ta kuwa, kullum amsarta "sai an yi hutu." Ba ta son a rufe ajinmu ko na yini ɗaya.

Bayan Babbar Sallah na je gaishe ta. Na same ta a tabarma, ƙafar hagu an yanke daga gwiwa, ido ya dushe, amma bakin nan yana nan daram. Ta riƙe hannuna ta ce na rame. Na ce olsa ce, an ce in koma a duba ni, amma jarabawa ta matso, wa zan bar wa aji?

Ta ce, "Balki, gyaɗa na koya muku, ban koya muku wagga wautar ba. Da na tai sad da anka ce in tai, da ƙafata tana nan. Ki tai asibiti. Yara na son malama mai rai."

Na yi dariya na ce to, Malama. Ban je ba.

Yau da hantsi na tsaya gaban ɗalibaina a Shinkafi, na ce a buɗe ƙunshi. Wallahi na yi kewarta. Ina son in sake ganin bayan hijabinta a gaban allo, tana tauna a ɓoye.

Daga aji ofishin hedimasta na wuce. Gobe ba ni da darasi, ina asibiti. Na ji, Malama, ko da yake na makara da amsawa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya musanya miki ƙafar nan da wadda ta fi ta a Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, musamman ku da kuka ci gyaɗarta.