Funfunar Da Ta Raba Ni Da Maganina

Edita, a shekarar 2006 ni mace ce mai kai da kawowa, ina saro gyaɗa da agushi a Assakio ina sayarwa a kasuwar Lafia, ga yara huɗu da mahaifinsu ya rasu ya bar mini. Ina da taurin kai, ban musa ba, kuma a harkar gyaɗa ba na jin maganar kowa. Babbar abokiyar gabata ita ce funfuna, wannan baƙi-baƙi da kore-koren da ke kama gyaɗa in ta sha damshi. Na taɓa zuba wa kajina gyaɗar da ta kama don kada in yi asara, suka bi juna suka mutu. Tun daga nan ko warinta na ji sai gabana ya faɗi.

A shekarar ne likita ya auna jinina ya ce kitse ya yi yawa a ciki, abin da suke kira kolastirol, kuma yana iya toshe jijiya. Yayana shanyewar ɓarin jiki ce ta kashe shi, don haka na karɓi ƙwayoyin da ya rubuta hannu bibbiyu, ina sha kullum. Ana nan sai wani malamin makarantar noma ta Shabu, mai sayen agushi a wurina, ya ga kwalin maganin a jakata. Cikin raha ya ce ai irin wannan magani daga funfuna aka fara samo shi, in dubi ikon Allah. Shi yabo yake yi, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ni kuwa kajina kawai nake gani kwance a tsakar gida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ranar ban sha ba, washegari ma haka. Na koma tafarnuwa da lemun tsami. In na je asibiti sai in ce ina sha, saboda kunyar a ce babbar mace tana tsoron ƙwaya. Likita ya ga kitsen bai sauka ba, ya ƙara ƙarfin maganin, tsorona ya ninku. In na dubi ƙwayar sai in ga guba, in na ajiye ta sai in tuna yayana. Ko ɗan ciwon kai na ji sai in fara tunanin wa zai riƙe mini yaran, na rame ba tare da kowa ya san dalili ba.

Wata safiya ina auna wa wata mata gyaɗa, mudu ya suɓuce daga hannuna na dama. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, harshe ya ƙi. Shanyewar ɓarin jiki ce. A gadon asibiti, da maganata ta ɗan dawo, na faɗa wa likita gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce malamin bai yi ƙarya ba, magungunan farko na irin wannan daga wata funfuna ta daban aka samo su, wadda ake rainonta a wuri mai tsabta a tace sinadarin kaɗai, ba irin ta buhuna ba. Maganin da ya rubuta mini kuwa haɗa shi ake yi a masana'anta, bai ma taɓa haɗuwa da funfuna ba. Ya tambaye ni ko na daina cin daddawa don ita ma sai kalwa ta ruɓa ake yin ta. Ni da ba na miya sai da ita, sai hawaye.

Sanin gyaɗa na gaskiya ne, amma bai sa na san magani ba. 'Yan uwa, in wani abu game da maganinku ya tsorata ku, ku koma wurin wanda ya rubuta shi ku tambaya, kada ku ajiye a ɓoye kuna cewa kuna sha. Tambayar da na ji kunyar yi ba ta kai tsawon cinikin mudu ɗaya ba. Yau ina raye, alhamdulillahi, ina shan ƙwayata. Amma babbar 'yata ce ta bar makaranta take riƙe mudun, ni ina gefe da hannu a cinya.