Hulunan Iya Malsun

A unguwar bakin teku ta garin Gunsan babu wanda bai san Iya Pyo Malsun ba. Shekara arba'in da biyu ta yi tana gyaran kifi a kasuwa, har ruwan sanyi ya lanƙwashe mata yatsu. Ba miji, ba ɗa, ba kuma daɗin baki. Amma da watan Nuwamba ya kama, ita ke riga kowa zuwa ɗakin taron unguwa, inda tsofaffin mata ke miƙe ƙafa a daɓe mai ɗumi suna saƙa wa jariran gidan marayu huluna kafin Kirsimeti. Wata ta saƙa biyar, wata goma. Malsun ba ta taɓa yin ƙasa da hamsin ba. Sai dai ranar kai kaya ba a ganin ta, kullum sai ta ce gwiwa ce ta tashi.

Shekarar da ta cika saba'in da tara, hannunta ya soma rawa, idonta ya yi hazo. Hulunan suka riƙa fitowa a karkace, ga ramuka. Aminiyarta Bang Okja ce ke tara kayan. Sai ta kwashe su a ɓoye ta kai gida, ta warware, ta sake saƙawa, ta mayar cikin kwali.

Wata rana da la'asar Malsun ta gasa dankali ta kai wa Okja. Tana tura ƙofa ta iske ta da jan zare a cinya, tana warwara.

"Okja, wannan ba zarena ba ne?"

"Yaya, zauna mana, dankalin zai huce."

"Tambayar ki nake yi. Tun yaushe?"

"Tun makon farko. Haba Yaya, dubi ramin nan! Hula kike saƙawa ko ragar kamun kifi?"

A da, Malsun sai ta rama wannan tsiya ninki biyu. Ranar kuwa ta zauna a bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba. Can ta ce, "Ina da 'ya."

Shekara talatin suna tare, Okja ba ta taɓa jin wannan magana ba.

Malsun ta ba ta labari. Tana da shekara ashirin da uku jirgin su mijinta ya fita kamun kifi bai dawo ba, ya bar ta da cikin wata bakwai. Ta haihu a tsakiyar sanyi. Ba mai riƙe mata yarinyar, kuma ba a goyo a cikin ƙanƙarar kasuwa. Sai ta kai ta wani gidan reno da yanzu ya daɗe da rufewa, aka miƙo takarda ta dangwala yatsa, don ba ta iya karatu ba. Ta ce musu sai sanyi ya wuce kawai. Da sanyi ya wuce ta koma da 'yar riga a hannu, aka ce mata ai yarinya ta tafi ƙasar waje, ta samu iyaye.

"Ranar da na kai ta dusar ƙanƙara na zuba, kanta a buɗe. Na manta ban sa mata hula ba, Okja. Wace irin uwa ce ke manta wannan?"

Okja ta share hawaye da bakin rigarta. Ta ture zaren gefe. "Ba na ƙara taɓa saƙarki. Amma bana ranar kai kaya ƙafata ƙafarki."

Saura kwana biyu Kirsimeti suka tafi gidan marayun. Malsun ta daɗe tsaye a ƙofar gidan kafin ta shiga. Wata ma'aikaciya ta ɗora mata jaririya 'yar wata biyu a hannu, ta zaro ɗaya daga cikin karkatattun hulunan ta sa mata. Hular ta zame ta rufe ido ɗaya, jaririyar ta yi atishawa, mata suka fashe da dariya. Malsun ba ta yi ba. Ta rungume ta har sai da aka ce lokacin shan madara ya yi.

A motar komawa Malsun ta ce wa Okja, "Yanzu 'yar tawa shekararta hamsin da shida. Ƙila ma ta yi jika."

"Ƙila kuwa."

"Can ƙasar tasu ana sanyi?"

Duk cikinsu ba wadda ta san ƙasar.

Bayan sabuwar shekara Okja ta ja ta zuwa ofishin da masu neman danginsu ke ba da yawun bakinsu a gwada don gano 'yan jini ɗaya. Aka ɗauka, aka ce su jira, idan 'yar ma ta taɓa bayarwa za a kira. Daga ranar Malsun ba ta yarda ta yi nisa da wayarta, har banɗaki da ita take shiga.

Ciwon huhu ya kwantar da ita a watan Maris, ta rasu a farkon Afrilu. Matan ɗakin taro su shida ne suka raka gawarta. Bayan mako guda Okja ta koma ofishin, ta sa aka cire lambar wayar Malsun aka rubuta tata. Har yau ba a kira ba.