Farar Saiwar Hatsi

Ruwa ya ɗauke mana a Cadawa, hatsi ya fara naɗe ganye. Jiya na ga maƙwabcinmu yana shirin sake shuka, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Shi ba ya yanke wa shuka hukunci daga ganye. Wata shekarar fari, ina kuka a gayaunata, ya durƙusa ya tone gindin hatsi da yatsa. Rairayin sama yana ƙuna, amma can ƙasa da sanyi-sanyi.

"Kawu, ya mutu ko?"

"Duba nan, ɗiyata, saiwar fara ce. Siraran nan su ke tsotso laima, masu kaurin kuma suna riƙe kara. Ki yi mata haƙuri." Ya mayar da ƙasar a hankali, kuma hatsin ya tashi.

Yau na tone nawa. Rabin saiwar fara, rabi ta yi ja, ga irin da ya rage mini kaɗan ne. Na rasa wanda zan tambaya.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu. Allah ya sauko mana da ruwa kafin sauran ta bushe.