Hannun Ruƙayya a Gefen Hoto

A ƙauyukan gabas da Rufa'a, can ƙasar Sudan, kowa ya san Malam Mato mai noman albasa, dogon tsohon nan da ba ya barin hoto ya kwana a gidansa. Haka ya tarar da iyayensa, su ma da wannan aƙidar suka taho daga Sakkwato: gidan da ke da hoto, mala'iku ba sa shiga. Ko kalanda aka ba shi, sai ya yage fuskokin kafin ya rataye. Matarsa Ruƙayya kuwa ba ta taɓa yi masa musu ba.

To, Ruƙayya ta rasu da kaka, 'ya'ya kuma yaƙi ya watsa su, wannan Bur Sudan, wancan Masar. Gida ya rage daga Mato sai akuya. Kewa dai ya iya da ita. Abin da ya gagare shi fuskarta ce. In ya rufe ido zai ga mayafinta, ya ji tarinta na asuba, amma wajen fuskar fayau, kamar an wanke allo. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai yarda mutum ya manta fuskar da ya tsufa yana kallo?

Wata la'asar Sabah, 'yar ƙanensa mai aikin jinya, ta kawo masa shayi, ta zauna tana nuna masa hotunan wani tsohon biki a wayarta. Da rabin ido yake kallo, don kara kawai. Can sai kofi ya suɓuce masa, ƙirjinsa ya buga, gumi ya karyo.

"Baba, lafiya?"

"Koma baya," in ji shi. "Ban san mi na gani ba, amma koma."

Ta koma. A gefen hoton, bayan amarya, wata mace ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Hannu ɗaya ne a waje, riƙe da jabana, butar gahawa, ƙaramin yatsan a lanƙwashe, wanda ƙofa ta datse tun tana amarya.

"Ya salam, Inna Ruƙayya ce!" in ji Sabah. "Ni mai wayar ban taɓa lura ba. Haka aka koya mana a makarantar jinya, Baba: ido ya kai saƙo, zuciya ta buga, sannan hankali ya biyo baya yana tambayar me ya faru."

"Buɗe min fuskar."

"Haba Baba, waya ce, ba boka ba!" Ta yi dariya, sai dariyar ta mutu. "Na tuna. Da aka ɗaga waya za a ɗauki hoton, cewa ta yi, Malam ba ya so."

Tsohon ya ƙura wa hannun ido. Daga baya ya roƙe ta ta bar masa wayar zuwa magariba, ta bari, ta tafi.

Ba a jima ba hasken wayar ya ɗauke da kansa, shi kuwa bai san inda ake dannawa ba. Sai ya ɗora ta a gwiwa, ya juya ya fuskanci ƙofa, ko Allah zai kawo mai wucewa.